Hawainiya ba ta shan ruwa a kwano

Wani mai lambu daga wajen Kura a jihar Kano ya aiko da tambaya: "Yarona ya kamo hawainiya a cikin rama, ya sa ta a kwali wai zai yi kiwo. Mun ajiye mata ruwa a murfin gwangwani, yau kwana huɗu ko kallonsa ba ta yi ba, idanunta har sun fara faɗawa. Ciwo ne ko yaya?"

Malam, ƙishirwa ke damunta. Hawainiya ba ta san ruwan da ke kwance ba. A daji raɓa take lasa a jikin ganye da asuba, da damina kuma ɗigon ruwan sama da ke gangarowa a reshe. Ƙyallin ɗigon da motsinsa ne ke jan idonta. Ko baho ka cika mata, tana iya mutuwa da ƙishi a gefensa.

A fitar da ita daga kwalin nan yau, kada a bari sai gobe. A samo reshe mai ganye, na gwaiba ko mangwaro, ko ma ramar da aka same ta a kai (Bahaushe ya daɗe da sanin mazauninta, tunda har ya ce hawainiyarka ta kiyayi ramata). A tabbata ba a yi wa ganyen feshin magani ba. Sai a nemi robar feshi sabuwa, irin ta masu aski, ba wadda ta taɓa ganin maganin ƙwari ba ko da an wanke ta sau goma. A fesa wa ganyen ruwa mai tsabta na minti 2 zuwa 3 har ya riƙa ɗiga. Ganyen za a fesa, ba fuskarta ba. Daga nan kowa ya ja da baya, don ba ta son a tsaya mata a ka. In yaron ya laɓe zai ga ta fara motsa baki kamar mai tauna, can ta kai bakin kan ɗigon, ta ɗaga kai ta haɗiye.

A riƙa yin haka da sassafe da kuma gab da magariba. Don tsakar rana, a huda gindin robar ruwa da allura, a rataye ta a sama yadda za ta riƙa ɗiga kan ganye sannu sannu, a sa kwano a ƙasa ya tare. Alamar ko ruwan ya ishe ta tana cikin kashinta, wanda irin na kaji ne, baƙi da fari. In farin ya fito fari tas, lafiya lau. In ya koma ruwan goro, har yanzu da sauran ƙishi.

Amma in shawarata za a bi, da zarar idon ya ciko a mayar da ita lambun. Hawainiyar da aka kamo daga daji ba ta cika daɗewa a keji ba. Ba ta da dafi, duk da tsoron da ake mata, kuma fara da ƙuda da tsutsa take ci maka kyauta.

Wani matashi mai kiwon tantabaru a Kaduna kuma ya ce: "Ina da hawainiya irin ta Yaman, mai tozo a ka. Na ga Turawa na sa mata fitilar zafi a akwatin gilashi. Ni ma sai na saya? Kuma yaya zan yi da ita da hunturu?"

Ɗan'uwa, masu kiwonta a Jamus da Ingila rana suke saye da kuɗi, kai kuwa ga ta a tsakar gidanka. Abu biyu take nema a wurin rana. Na farko ɗumi, domin jikinta ba ya yin nasa zafin, sai ta sha hantsi take iya farauta da narka abinci. Za ka ga da safe ta yi duhu, ta baje jiki ta ba rana gefe. Na biyu wani haske ne da ido ba ya gani, wanda da shi jikinta ke haɗa bitamin D3 har kalsiyam ya shiga ƙashi. Wannan hasken ba ya ratsa gilashi. Hawainiyar da ke shan rana ta bayan taga, a hankali ƙafafunta ke lanƙwashewa, muƙamuƙinta ya yi laushi, ta kasa riƙe reshe.

Don haka ka manta da akwatin gilashi. Ka yi keji na raga, dogo a tsaye, mai tsayin kamar mita 1 da ɗoriya, iska na ratsa shi. Ka ajiye shi inda hantsi zai bugi gefe guda, ɗaya gefen na cikin inuwar ganye, ita za ta zaɓi inda ya yi mata. Wurin shan ɗumin ya kasance wajen digiri 30, sauran kejin 24 zuwa 27. In dole sai fitila, a wajen ragar za a rataye ta, daga sama, da tazara, don hawainiya kan ƙona baya ba ta matsa ba. Da dare a kashe, tana bukatar duhu da ɗan sanyi.

Ni bazara ta fi ba ni tsoro a kan hunturu. A Maris da Afrilu zafi na kai digiri 40 a arewa. Ka ga ta yi fari, ta wangale baki, ta sauko ƙasan keji, to ta kusa galabaita, maza a kai ta inuwa a fesa ganye.

Matsalar hunturu bushewar iska ce, don danshinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Irin ta Yaman tana son kashi 30 zuwa 50 da rana, da dare kuma ya haura 75, kamar lokacin saukar raɓa. Ka dasa shuka mai rai a tukunya cikin kejin, ka ƙara feshi ɗaya bayan isha, ka rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen da iska ke bugowa. Gefe ɗaya kawai. Keji ya kwana da danshi ba laifi, amma ya bushe da rana. Zafi da laima ba iska su ke kawo ciwon huhu, ka ji tana numfashi da ƙara, majina a baki. Daren da sanyi ya tsananta ka shigar da kejin ɗaki, ban da gawayi.

Matashin ya kuma tambaya ko zai ƙaro mata 'yar'uwa don kaɗaici. A'a, ba tantabara ba ce. Kowace da kejinta, ko hango juna ba sa so. In taka mace ce, ka ajiye mata bokitin yashi mai ɗan danshi, zurfin kamar santimita 30, domin tana yin ƙwai ko babu namiji, in kuwa ba ta sami wurin tona rami ba ƙwan kan maƙale mata a ciki.