Lauya ya riƙa yi wa jama'a bayanin doka a rubuce?

Ƙanena, ka ce ka fara aikin lauya a Yamai, kana tambaya ko ya dace ka riƙa rubuta bayanin doka don jama'a, ko hakan zubar da girman sana'a ne. Ka rubuta, kuma da Hausa. Dokokinmu da Faransanci aka tsara su, alhali yawancin masu zuwa kotu ba sa karanta shi. Dubi rigimar gona: tun 1993 muke da dokar karkara, akwai kwamitocin filaye masu ba da takardar shaida, kuma rikicin gonar gado yana fara bi ta sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin ya kai ga alƙali. Amma manomi zai taso daga Tawa, ya biya kuɗin mota, ya zauna gabanka da takardar ciniki a naɗe cikin leda, ba sa hannun shaida ko ɗaya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Kai ma za ka ƙaru, domin duk ayar dokar da ka kasa fayyace wa ɗan kasuwa, akwai sauran karatu a gabanka.

Sharaɗina ɗaya: sirrin wanda ya kawo maka ƙara amana ce. Ko ka ɓoye suna, a Yamai ambaton unguwa da sana'a ya isa a gane mutum, kuma ƙungiyar lauyoyi tana ladabtarwa a kan haka. Ka bayyana ƙa'ida kawai, shari'ar da ke hannunka ka bar ta a ofis.