Ina Technics Ya Dosa? Amsar Da Na Ba Yarona A Shago

Jiya da la'asar, ina tsakiyar lalubar wata amfilifaya da ta ƙone, yaron nan ya miƙo mini wayarsa. "Maigida, dubi kuɗin sabon injin faifan Technics. Wai sun bar 'yan DJ sun koma wajen masu kuɗi ne? In haka ne, gyaran wanne zan fi mai da hankali a kai, tsoho ko sabo?" Da farko na so in kore shi ya je ya share teburi. Amma tambayar ta fama mini wani tsohon miki, don haka na ce masa: zauna ka ji.

Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, shi ke da Technics. A 1970 suka fito da SP-10, injin da motarsa ke juya farantin kai tsaye, babu bel a tsakani. SL-1200 ya biyo baya a 1972, sannan sabon samfurinsa MK2 a 1979, wanda shi ne ka ga na lulluɓe da tawul a kan kanta. Ba don 'yan DJ aka ƙera SL-1200 ba tun asali, don mai sauraro ne a ɗakinsa. Su ne suka gano cewa ko ka danne faifai da yatsa, kana sakewa zai koma gudunsa nan take, suka rungume shi. A 2010 kamfanin ya daina yin sa.

To wannan shekarar ce ba na son tunawa. Ina da MK2 guda biyu a shagon nan, na wani mai kiɗan biki ne da ya koma sidi, ya bar mini su a madadin bashi. Na yi mako uku a kansu. Na sauya wayoyin sauti, na wanke majanyin gudu, wato abin da ake ja a ƙara ko a rage gudun faranti, na buɗe hannun allurar ɗaya na daidaita shi har ya zamana ka hura masa iska ya tafi da kansa. Digo-digon nan na gefen faranti, in ka kunna jar fitilar, tsaye suke cak kamar an kafa su da ƙusa. Sai ga wani mutum, fes da shi, da babbar riga da turare. Ya zauna a bencin da kake kai yanzu, na aika aka sayo masa lemo. Ya ce, "Malam, ai faifai ya mutu, wa zai sayi wannan? Ni kayan cikin kawai nake so." Ya taya su a wulaƙance, na ƙi, ya dawo washegari, ya dawo jibi. A rana ta uku kuɗin haya ya taso ni gaba, na sallama. Ya ba ni rabi, ya ce sauran ranar Asabar, har da rantsuwa. Da hannuna na cire farantan na naɗe su a tsumma, na ɗaure hannuwan, na kai masa har bakin mota.

Asabar ɗin ba ta zo ba har yau. Bayan wata biyu wani abokin sana'a ya ce mini ya ga injinana a Legas, ya gane su da alamar da nake yi da jan fenti a ƙasa, an sa musu kuɗi ninkin-ba-ninkin. Ashe mutumin ya riga ya ji an rufe ƙera su, ya san farashi zai tashi, yake yawo shago-shago yana kwashewa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba ribar da ya ci ce ke cina ba, kasuwa ce. Rabin kuɗina da ya danne, da lemon da ya sha yana kallon idona, su ne ban yafe ba.

Shi ya sa nake bin labarin kamfanin nan tun daga lokacin. Da suka dawo da SL-1200 a 2016, ba su fara da ɗan DJ ba. SL-1200GAE suka fitar, guda 1,200 kacal, sai SL-1200G, kusan dala 4,000 kowanne, nauyinsa kilo 18. Kamanninsa na MK2 ne, cikinsa kuwa sabo fil: sun cire ƙarfen da ke tsakiyar naɗin wayar motar, don kada farantin ya riƙa ɗan fizga yayin juyi. Mutane suka yi ta ƙorafin tsada. Sai SL-1200GR ya zo a 2017 da sauƙin kuɗi, a 2018 suka ƙara hawa sama da SP-10R da SL-1000R, sai a 2019 suka waiwayo 'yan DJ da MK7. Ka ga tsarin ke nan: daga sama suka faro suna gangarowa, mai kuɗi ya ci kan tukunya, saura su samu abin da ya rage. Ban ga laifinsu ba, mai sayen faifai a yau galibi mai rufin asiri ne. Amma ɗaga MK7 ka ɗaga MK2, hannunka zai gaya maka wanne aka yi wa rowar ƙarfe.

Kai kuma da ke tambayar wanne za ka koya, sabon nan nawa ka taɓa gani a garin nan? Wanda ya iya sayen na dala 4,000 ba zai kawo shi rumfarmu ba. Ko ya kawo, allon cikinsa ƙananan kaya ne kamar ƙwayar gero, ba ka da kayan aikinsu, sai dai a sauya allon ɗungurungum. MK2 kuwa ka buɗe ka ga komai a fili, ka bi layi da mita, ka gane inda wuta ta tsaya. Saita nauyin allura da daidaita injin a kan teburi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da katin waya. Abu ɗaya zan maimaita maka: kada ka kuskura ka kunna MK2 farantin na cire, maganaɗisun motar a jikinsa yake.

Matsalarku yaran yanzu, kun san sunan kowane inji a waya, amma a ba ku ƙarfen dalma hannunku na rawa. Ajiye wayar nan. Ɗauko wancan na cikin tawul, majanyin gudunsa na tsalle in ya zo tsakiya, ina so kafin magariba ka gaya mini dalili.