Kumburin gwiwa ga yarinya 'yar shekara 3

'Yar'uwa, kin ce gwiwar ɗiyarki ta kumbura, tana tashi da ɗingishi da safe, amma kafin azahar ta ware tana wasa, kina tambaya ko amosanin gaɓɓai ne na yara. Allah ya ba ta lafiya.

Wannan sagewar ta safe ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Ana kiran ciwo amosanin gaɓɓai na yara idan ya fara kafin shekara 16, kumburin ya kai mako 6, kuma an kawar da sauran dalilai. Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da shi. Ana iya yin gwaje-gwajen jini irin su ESR, CRP da ANA su fito lafiya lau, ciwon kuwa yana nan. Don haka kada sakamako mai kyau ya sa ki naɗe hannu. Ki nemi a tura ku wajen likitan gaɓɓan yara.

Yara suna da wayo, ranar ganin likita sai ki ga ta miƙe garau! Ki ɗauki bidiyon tafiyarta da zarar ta sauko daga gado, ki rubuta ranar da kumburin ya fara.

A duba idonta kuma. Ciwon kan kawo kumburi cikin ido ba ja ba zafi, sai da na'urar likitan ido ake gano shi.

Idan zazzaɓi ya shigo, gwiwar ta yi zafi jau, ta ƙi taka ƙafar, ko ta yi fari fat tana kukan ciwon ƙashi da dare, ku tafi asibiti a ranar.