Dalilin da ya sa na ce ka sauka a hannun maigida

Ɗana, saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu. Ka ce kana shirin kawo kaya Kumasi bayan salla, takalman fata da huluna da turare, kuma ba ka ga dalilin da ya sa na nace sai ka sauka a hannun maigida ba, tunda lambobin masu saye suna cikin wayarka, kuɗi ma ta waya ake tura su. Har ka tambaya, cikin ladabi dai, ko mu mutanen zango mun tsaya ne a zamanin jakuna. Ban ji haushi ba. Samari da yawa daga gida sun yi mini irin wannan tambaya, shi ya sa na ga gara in amsa a fili kowa ya gani.

Goro ne ya kawo mu ƙasar nan ta Gana. Kakan mahaifina falke ne, yana bin ayari daga Kano zuwa Gwanja ƙarƙashin madugu, tafiyar watanni a ƙasa, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da baƙin rini. A Salaga suke tsayawa, domin Asantawa, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa, ba sa barin baƙo ya shiga kurmin da goron yake. Su za su fito da shi, kai ka saya a can. Kuma ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, har da bayi, bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu wannan ba. Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan arewa ya karye, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892. Fatake suka watsu. Wasu suka nufi Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa a 1934. Wasu suka gangaro Kumasi bayan Turawa sun kama ta a 1896. Da jirgin ƙasa ya shigo Kumasi a 1903, ya kuma kai Kano a 1911, sai goro ya canja hanya: a kai shi bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi gida. Alhassan Ɗantata da kuke alfahari da shi, a wannan fatauci ya fara tara jari kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa.

Hanya ta canja, kaya sun canja, amma matsalar falke tana nan yadda take. Baƙo ne. Ba ya jin yaren gari, bai san mai biya ba, bai san mai cinye kayan mutane ba, kayansa kuma ba sa jira: goro yana bushewa, saniya tana ramewa, albasa tana ruɓewa. Don haka yake sauka a gidan wanda ya riga shi zama, shi ne maigida, wasu su ce fatoma. Zai ba shi ɗaki da abinci ba kuɗin kwana, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya tura dillalansa su nemo mai saye, ya yi masa tafinta, in an sallama ya ɗauki la'adarsa. Amma duk waɗannan ƙanana ne. Babban aikinsa shi ne lamuni, domin yawancin cinikin sari a nan bashi ne. Mahauci zai ja sa a Mayanka yau, sai ya yanka ya sayar sannan ya kawo kuɗi. Mai shanun da ya taso daga Nijar ko Burkina bai san mahaucin nan ba. Maigida ya san shi, ya san ubansa, ya san masallacin da yake salla, ya san gidan da ya yi aure. In mahaucin ya gaza, maigida ne zai biya daga aljihunsa.

Na ga haka da idona. Gidanmu na unguwar Aboabo yana da ɗakunan baƙi a waje, ni nake kai musu koko da ƙosai da safe. In mun taso daga makarantar allo, aikinmu goro ne: a kwance huhu, a zazzage a kan tabarma, a tsince mai sankara, a canja ganye, a yayyafa ruwa, a ƙirga ɗari-ɗari, kowace ɗari ƙwarya ɗaya. Wata shekara wani mahauci da mahaifina ya tsaya wa ya karɓi shanu uku na wani baƙonmu, ya yi batan dabo. Mahaifina bai ce wa baƙon ya yi haƙuri ba, bai ce a jira a nemo mutumin ba. Filin da ya saya don ya gina mana, shi ya sayar, ya ƙirga wa baƙon kuɗinsa cif a zaure kafin ranar tafiyarsa. Mahaifiyata ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ban fahimta ba a lokacin, na ɗauka an cuce mu ne kawai. Sai da na girma na gane cewa da baƙon nan ya koma ya ce an ci kuɗinsa a gidan wane, da ba wanda zai ƙara sauka a gidanmu daga nan har bakin Kwara. Wayarka za ta ba ka lambar mai saye, ɗana, amma ran da ya kashe tasa wayar, wa za ka kama?

Akwai kuma abin da ba ka sani ba game da kasuwar nan. A Kantin Kwari maza ka saba gani. A Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, mata ne da kasuwa. Kowane irin kaya, doya ko tumatir ko kifi, yana da sarauniyarsa, ohemaa suke ce mata. Ita ke tsara motar da za ta fara sauke kaya, ita ke raba faɗa, ita ke tara gudummawa in an yi wa ɗayarsu rasuwa. Na taɓa ganin wani yaro ya kawo albasa, ya ce shi ba zai bi ta hannun kowa ba, ya sauke a bakin titi ya karya farashi. Ba wadda ta yi masa faɗa. Ba kuma wadda ta taya. A kwana na uku buhunan suka fara tsatsar ruwa, ya zo yana neman dattawa su shiga tsakani. Mu da muka daɗe mun san matan nan, muna jin Twi, yaren Asantawa, muna zuwa gaisuwar mutuwarsu ranar Asabar mu ba da abin da ya sawwaƙa, su ma suna zuwa sunan 'ya'yanmu. Sarkin Zango kansa yakan je fadar Manhyia ya gaishe da Asantehene, sarkin Asante, ranar bikinsu na Akwasidae. Ƙasar tasu ce, mu zama muka yi, kuma ba mu taɓa mantawa da haka ba.

In ma mun so mu manta, 1969 ba za ta bari ba. A watan Nuwamba na shekarar, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Ina ɗan shekara tara. Na tuna manyan motoci cike da mutane da katifu da tukwane, na tuna maƙwabcinmu yana yawo gida-gida yana neman wanda zai sayi gidansa ko da rabin kuɗi, mutumin da a Kumasi aka haife shi, bai taɓa ganin Nijeriya ba. Mu mun tsira ne don kakata ta wajen uba Bagwanjiya ce. Waɗanda suka tafi, da yawa sun bar wa masu gida ajiyar kuɗi da makullan ɗakuna, ba takarda ba shaida, wasu sai bayan shekaru suka aiko aka ba su abinsu. Ba duka aka riƙe amana ba, kuma har yau a zango an san gidajen da suka ci, ana jinkirin ba su aure. Ku ma kun rama a 1983, lokacin Shagari, jakar nan ta Ghana Must Go da kuke zuba kaya har yanzu sunan wannan kora take ɗauke da shi.

Doka ma ba ta tare da kai. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa cinikin kiri a kasuwa, ta ce baƙon da zai buɗe kamfanin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. A kanta ne aka riƙa garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Suame nan Kumasi da kuma babban birni Accra a 2019 da 2020. Kai da ka zo da buhu goma na takalma, in ka baza su da kanka kana kiri, ranar da aka tashi kame ba mai tsaya maka. In ta hannun ɗan zango suka bi, ɗan ƙasa ne yake sayar da kaya a ƙasarsa.

Ga wani ƙaramin abu da zai iya rikita ka. A 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma tsofaffin kasuwa har yanzu da tsohon lissafi suke magana. Mace za ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Sannan bashin da na gaya maka yana da haɗarinsa ko da an biya. A 2022 sidi ta zube, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Wanda ya ba da kaya bashin wata biyu, ya karɓi kuɗinsa cif, ya je canja su zuwa sefa ko naira, sai ya tarar uwar kuɗin ta ragu. Maigida nagari zai gaya maka kwana nawa za ka iya bayarwa, da ranar da ya kamata ka canja.

Ba zan ce maka duk abin da muke yi daidai ne ba. Iyayenmu sun riƙe amana, amma sun ƙi makarantar boko don tsoron mishan, sai ga shi 'ya'yan waɗanda muke sayar wa kaya su ne a banki da kwastan, namu suna dako da gadi. Gidaje da yawa a zango ba su da takardar fili, shekara ɗari ana zaune a ciki, banki ba zai karɓe su jingina ba, sai dai adashi. Dukiyar maigida kuma a kansa take, ba a littafi ba, ran da ya rasu sai kasuwancin ya bi shi, magada su yi ta rigima a kan ɗakuna. Abincinmu ya cinye ƙasar nan, ba garin da za ka je ba ka sami wake da shinkafa da koko da tuwon zafi da sunayensu na Hausa ba, amma manyan kamfanonin abinci ba namu ba ne. Wannan yana ci mini rai. An kafa asusun raya zango a 2017, sai dai abin da nake ganin zai fid da mu shi ne yaranmu da suka yi karatu su dawo su rubuta abin da iyayensu ke riƙe da shi a ka. Babban ɗana ya fara: kowane baƙo da shafinsa, kowane bashi da ranarsa, kuɗi ta MoMo, wato asusun waya, suke shigowa. Amma in an zo wajen wanda za a ba kaya da wanda za a hana, har yanzu ni yake tambaya.

Saboda haka ka taho da kayanka, kada ka cika su da yawa a karon farko. Takalman ka fi yawaita manyan lamba. Ka zo da fasfo ɗinka da katin rigakafin shawara, ka riƙe takardun kwastan a jikinka, kada ka sa su cikin kaya. In kun wuce Aflao, kan iyakar Togo da Gana, ka kira ni, zan tura ƙaninka ya tarye ka a tasha. Ɗakin da ke kusa da zaure an share shi. Ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa goron da ya yi saƙo na ware masa fari, sai ka dawo masa da shi.