Tambaya da Amsa: Me ya sa ganyen dawa ke yin rawaya bayan ta fitar da kai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin dawa ne a yankin Gadarif na ƙasar Sudan, kuma shekaruna sun haura sittin. Kowace shekara idan dawa ta fitar da zangarniya, sai ganyen ƙasa su fara yin rawaya ɗaya bayan ɗaya. Ɗana ya ce taki ne ya gaza, in ƙara yuriya. Maƙwabcina kuwa ya ce tun da ganyen sun mutu, gara in sa yara su yi karmami mu ba tumaki. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a gona. A ganina kada ku yi gaggawar bin ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu, domin ganyen da ya fara rawaya bayan fitar kai bai mutu ba tukuna. Aiki yake yi, kuma wannan aikin ne ke sa ƙwayar dawa ta yi nauyi da amfani a jiki.

A cikin kowane ganye akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin bincike, masana na kiransu kulorofilas. Su ne ɗakunan girkin shuka: a cikinsu ake haɗa hasken rana da ruwa da iskar kabon a samar da sukari, kuma a cikinsu ne sinadarin kulorofil yake, wanda ke ba ganye launin kore. Mafi yawan naitirojin ɗin da ke cikin ganye, wato abin da kuke sayen yuriya dominsa, yana ajiye ne a waɗannan ɗakuna a siffar furotin. Babba a cikinsu shi ne Rubisko, wanda ke kama iskar kabon, kuma ana ɗaukarsa furotin mafi yawa a doron ƙasa. A alkamar da ake nomawa da sanyi a yankin Jazira na Sudan, shi kaɗai yakan riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin ɗin ganye. A dawa rabonsa bai kai haka ba, saboda hanyarta ta kama kabon ta bambanta, amma duk da haka ajiya ce mai daraja.

Idan zangarniya ta yi fure kuma ƙwaya ta fara kama ruwa, buƙatar naitirojin takan ƙaru a daidai lokacin da damina ke janyewa, baƙar lakar Gadarif ta fara tsagewa, saiwa kuma ta rage jan abinci. Sai shukar ta koma ga rumbunta na cikin gida, ta fara da tsofaffin ganyen ƙasa waɗanda inuwa ta riga ta rufe. Rushewar tana tafiya bisa tsari. Akwai sinadarai masu yanka furotin a cikin kulorofilas ɗin kansa da ke fara aikin, sannan ana ƙunsa gutsattsarin Rubisko a cikin ƙananan jakunkuna a kai su babbar jakar ruwa da ke tsakiyar ƙwayar halitta (ɗan ƙanƙanin tubalin da ya gina jikin ganye), inda ruwan yake da tsami kuma akwai wasu masu yanka da suka fi ƙarfi. Wannan hanya ita ake kira otofaji, ma'ana halitta ta ci wani ɓangare na jikinta domin ta sake amfani da shi, kuma binciken yadda take gudana ne ya sa masanin Japan Yoshinori Ohsumi ya sami kyautar Nobel a 2016, ko da yake shi a kan yis, wato abin da ke kumbura burodi, ya yi nasa aikin. Abin da aka yanka yakan koma ƙananan sinadarai masu sauƙin ɗauka, musamman gulutamin da asfarajin, su bi jijiyoyin ganye su shiga kara su hau zuwa zangarniya. A alkama, fiye da rabin naitirojin ɗin ƙwaya ta wannan hanya yake zuwa.

Rawayar kuwa daga rushe kulorofil take fitowa. Kulorofil yana manne ne da furotin, kuma idan aka raba su aka bar shi a rana yakan yi wa ganyen ɓarna, don haka shukar ke mayar da shi sinadari marar launi ta ajiye a gefe. Sai rawayar da tun farko take ɓoye a ƙarƙashin koren ta bayyana. Ku tsinko ganye ɗaya ku ɗaga shi sama da hantsi, za ku ga sau da yawa gefen jijiyoyi ne ke riƙe kore har ƙarshe, domin hanyar fitar da kaya ce, ba a rufe ta sai an gama kwashewa.

Saboda haka, wanda ya yi karmami alhali ganyen yana tsakanin kore da rawaya ya ɗauke wa ƙwaya rabonta ne ya ba tumaki. Ku jira har ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa yana ƙara a hannu, kuma ganye uku ko huɗu na sama, musamman na ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya, kada a taɓa su sai ƙwaya ta yi tauri, domin su ne ke ci gaba da ɗura mata gari.

Maganar ɗanku tana da wurinta, amma lokaci ne ke raba gardama. Idan rawayar ta bayyana tun dawa na ƙarama, tana farawa daga bakin ganyen ƙasa tana bin jijiyar tsakiya, shukar kuma ta tsumbure, to yunwar naitirojin ce, kuma yuriya za ta taimaka matuƙar akwai danshi a ƙasa. Idan sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari da ratsi, wannan ya fi kama da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Ku kuma duba gindin shukar ko akwai ƙuduji, wanda Larabawa ke kira buda. Zuba yuriya a busasshiyar ƙasa bayan fitar kai kuwa asarar kuɗi ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ganyen su bushe da wuri saboda yankewar ruwa, kafin ƙwaya ta cika, domin a nan kara kan yi rauni ya faɗi. Masana sun gano wasu nau'o'in dawa masu asali daga Habasha, maƙwabciyarku, waɗanda ke jinkirta wannan tsufa su riƙe kore a lokacin fari, kuma ana amfani da su wajen inganta iri. Idan kuka zaga gonarku a watan Oktoba kuka ga shukar da ganyenta na sama ke kore alhali na kusa da ita sun bushe, kuma zangarniyarta ta cika, ku ɗaura mata tsumma, ku ware kanta daban ranar girbi domin irin baɗi.