Tambaya da Amsa: Tafiya Ƙasar Cek, Ina Za a Je, Me Za a Saya?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan ƙasa guda, Jamhuriyar Cek da ke tsakiyar Turai, wadda Jamus da Poland da Slovakiya da Ostiriya suka sa a tsakiya. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Malam, ina da bizar Shengen don zuwa baje koli a Jamus, kuma kwana huɗu za su rage mini. Abokin tafiyata ya ce mu leƙa Prag, babban birnin Cek. Ni ban san komai game da ƙasar ba. Ta cancanci kuɗina? (wani ɗan kasuwa daga Kano)

Alhaji, ka san ƙasar nan fiye da yadda kake zato. Ɗauko jar darar da kake naɗa rawani a kai ka duba cikinta. In ka ga an rubuta Tonak, daga Cek ta fito, kuma tun ƙarni na 19 garin Strakonice ke yi wa ƙasashen Musulmi dara. Bata ɗin nan ta bakin Sabon Gari sunan iyalin wasu masu ɗinkin takalmi ne, Tomas Bata da 'yan'uwansa, da suka kafa kamfaninsu a garin Zlin a 1894. Ko sukari mai ƙwaya da ake jefawa a shayi, a garin Dacice aka soma yin sa wajen 1843. Saboda haka ka je. Bizar hannunka ta isa, kuma daga Berlin awa huɗu da 'yan kai ne a jirgin ƙasa, yana bin gaɓar kogin Elbe.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yi irin yawon da yawancin baƙi ke yi, su ɗauki hoto a gaban tsohon agogon garin su wuce. Ka yi sallar asuba ka fita zuwa gadar Karel kafin gari ya waye sosai. A lokacin hazo na kwance a kan kogin Vltava, fitilun ba su mutu ba, ba kowa sai masu shara da tsuntsayen ruwa, kana jin ƙarar takalminka a kan dutse. Da hantsi kuwa ko wurin sa ƙafa ba za ka samu ba. Sarki Karel na Huɗu ne ya aza tubalinta a 1357, shi ne kuma ya kafa jami'ar Prag a 1348, wadda ta girmi duk jami'o'in tsakiyar Turai.

Daga nan ka shiga dandalin tsohon gari. Agogon da ake tururuwa a kansa tun 1410 yake aiki, yana nuna tafiyar rana da wata, ya cancanci tsayuwar minti goma. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutum-mutumin Jan Hus da ke tsakiyar filin. Malami ne da ya riƙa wa'azi da harshen talakawa, ya soki sayar da takardun gafara da cocin zamaninsa ke yi, aka ƙone shi da rai a 1415. Bayan an ci su da yaƙi a 1620, Cekawa sun yi kusan shekara 300 a ƙarƙashin sarakunan Habsburg na Ostiriya, Jamusanci ya mamaye ofis da makaranta, har nasu harshen ya koma na ƙauye da madafa. Malamai da marubuta ne suka tashi a ƙarni na 19 suka rubuta ƙamus da nahawu, jama'a kuma suka yi karo-karo suka gina gidan wasan kwaikwayo na ƙasa. An buɗe shi a 1881, gobara ta cinye shi a shekarar, suka sake tara kuɗi suka buɗe shi a 1883. A saman dandamalinsa an rubuta kalma biyu da ma'anarsu ita ce al'umma ta yi wa kanta. Duk mai kishin Hausa ya kamata ya tsaya a gaban ginin nan ya yi tunani.

Sauran tarihin yana dandalin Wenceslas: nan tankokin Tarayyar Sobiyet suka shigo a Agustan 1968, nan kuma dubban mutane suka yi ta kaɗa makullansu a 1989 har mulkin kwaminis ya faɗi, marubuci Vaclav Havel ya zama shugaba. A ranar 1 ga Janairun 1993 suka rabu da Slovakiya ba tare da an zubar da jini ba.

Kwana biyu sun ishi Prag da fadarta. Na uku ka tafi Kutna Hora, tafiyar kamar awa guda, garin da azurfarsa ta arzuta sarakunan da. Akwai tsohon ramin haƙa da ake shiga da fitila a lokacin da yake buɗe. Cocin da aka ƙawata da ƙasusuwan mutane a gefen garin ba dole ba ne, ni ba na tura kowa can. Cesky Krumlov yana da kyau ƙwarai, sai dai kusan awa uku ne zuwa kawai, zai ci maka yini a mota. Masauki kuwa ka nema a unguwa irin Vinohrady, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka sayi tikitin awa 72, ka buga shi sau ɗaya a 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa. Wanda bai buga ba tara ce ke jiransa. Taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titi, mai lamba 22 zai hau da kai har fada.

Zan raka maigidana, kuma ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. An ce gilashinsu da jan dutsensu babu kamarsu. Yaya zan gane na gaske? ('yar'uwa daga Maraɗi)

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Gaskiya aka faɗa miki, amma shagunan da ke kan hanyar gada zuwa agogo cike suke da kayan da ba a ƙasar aka yi su ba. Gilashin Bohemiya (yankin da Prag take) na asali mai sassaƙa yana ɗauke da dalma kashi 24 cikin ɗari, shi ya sa yake da nauyi a hannu. Ki ɗan ƙwanƙwasa bakin kofin da farce: na gaske zai yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa, na bogi zai ce ƙwas ya yi shiru. Ki shafa zanen da yatsa, yankan hannu yana da kaifi da zurfi, na injin zubi kuwa sumul yake, wani lokaci har da layin haɗi. Saboda dalmar nan, a sha a ciki a wanke, kada a ajiye zoɓo ko lemo a tulunsa kwana da kwanaki. In kina son marar dalma, akwai na kamfanin Moser da ke Karlovy Vary tun 1857, amma kuɗinsa ba wasa ba.

Jan dutsen da suke kira granat ƙanana ne, ja mai duhu kamar 'ya'yan rumman, ana jera su da yawa a zobe ko 'yan kunne. In aka nuna miki ƙaton dutse ɗaya da araha aka ce na Bohemiya ne, ki yi gaba. Ƙungiyar maƙeran Granat Turnov tana ba da takardar shaida da kowane kaya, ki nemi wannan takarda.

Da ni ce shawara, ƙananan duwatsun ado zan fi saya. Garin Jablonec ya daɗe yana aiko da tsakiyar gilashi har kasuwannin Afirka ta Yamma. Ba su da nauyi, ba sa fashewa a akwati, kuma telarki za ta ji daɗinsu a kan leshi. In kin sayi kayan sama da koruna 2,000, kuɗin ƙasar, a shago ɗaya a rana ɗaya, ki karɓi fom ɗin mayar da haraji, kwastam su buga masa hatimi a inda za ki bar Tarayyar Turai.

Ɗalibi ne ni, zan je taron sati guda a Brno. Ina jin tsoron abincinsu. (daga Zariya)

Ƙanena, tsoronka yana kan hanya, domin alade da giya su ne ginshiƙin teburinsu. Ka haddace kalmomi huɗu: vepřové naman alade, šunka da slanina dangoginsa, sádlo kuma kitsensa, wanda ake soya abu da shi ko a sa a burodi ba tare da an faɗa ba. Ryba kifi ne, smažený sýr soyayyen cuku ne da ake ci da dankali, ka tambayi man da aka soya da shi. Shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal suna nan a manyan birane. Ka yi sa'a kuma, masallaci na farko a ƙasar a Brno aka buɗe shi a 1998, na Prag ya biyo a 1999. In ka je Juma'a ka tambayi 'yan'uwa inda suke cefane. Koriyar kwalbar nan ta Becherovka da ake tallatawa kamar maganin ciki giya ce, kada ka kawo wa Baba ita tsaraba. Kofola lemo ne, ka sha abinka.

Yuro zan riƙe ko dala? (daga Kumasi)

Ɗan'uwa, riƙe yuro, amma ka sani kuɗinsu koruna ne, duk da sun shiga Tarayyar Turai tun 2004. Kada ka yi canji da kowa a kan titi, an sha damƙa wa baƙi tsofaffin takardun wata ƙasa da aka daina karɓa. A ofishin canji ka tambayi adadin da za a ƙirga maka kafin kuɗinka su bar hannunka. Tun 2019 doka ta ba ka awa uku ka soke cinikin da bai wuce yuro 1,000 ba, saboda haka ka riƙe rasit. A na'urar cirar kuɗi ka nemi ta banki, in ta tambaye ka da wane kuɗi za ta yi lissafi, ka zaɓi koruna.