Amsa ga uwar da ɗanta bai fara magana ba

Assalamu alaikum, 'yar uwa. Na karanta tambayarki cewa ɗanki ya kai shekara 2 da rabi bai fara magana ba, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, kuma dangi suna cewa ki yi haƙuri, wai maza sukan yi nauyin baki. A matsayina na uwar matashi mai lalurar galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), shawarata ita ce kada ki jira.

Ki fara da kai shi a auna jinsa, domin yaron da kunnensa ke da matsala shi ma ba zai amsa kira ba. Sannan ki sani cewa jinkirin magana shi kaɗai ba ya tabbatar da galahanga. Abin da ƙwararru suka fi dubawa shi ne ko yaro yana neman ya jawo hankalinki zuwa ga abin da ya burge shi. Ki nuna masa wani abu daga nesa, ki ga ko idonsa zai bi yatsanki. Ki lura ko yakan kawo miki abin wasansa don kawai ki gani, ko kuwa sai dai ya kama hannunki ya ɗora a kan marfin da yake so a buɗe ba tare da ya dubi fuskarki ba. Haka nawa yake yi a wannan shekarun, kuma yakan jera kayan wasansa a layi, ya ɓarke da kuka idan an taɓa ɗaya.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna wannan lalura. Likitan yara zai kalli mu'amalarsa ne, ya tambaye ki tarihin girmansa, wataƙila kuma ya yi amfani da takardar tantancewa ta M-CHAT-R mai tambayoyi 20, wadda aka tsara don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Tantancewa ce kawai, ba ita ke yanke hukunci ba. Ki ɗauki gajerun bidiyo da wayarki a gida, saboda yaro ba lallai ne ya nuna halinsa a ɗakin likita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da galahanga. Ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, ba kuma allurar rigakafi ba. Gado yana da babban tasiri a cikinta. Babu maganin da ke warkar da ita, kuma raina yana ɓaci idan na ga ana sayar wa iyaye abin da aka ce zai warkar. Abin da ya taimaki ɗana shi ne aikin mai koyar da magana da kuma abin da muke maimaitawa kullum a gida: in zauna daidai fuskarsa, in riƙe abin da yake so, in faɗi sunan abin da kalma ɗaya, in dakata har ya kalle ni ko ya miƙa hannu, sannan in ba shi nan take. Wannan za ki iya farawa yau, tun kafin a ba ki sakamako.

Idan ya taɓa furta wasu kalmomi ya daina, ko kuma yakan ƙame yana kallon wuri ɗaya ba ya amsawa ko an taɓa shi, ki gaya wa likita a zuwan farko, domin ƙamewar na iya zama alamar farfaɗiya, wadda ta fi yawa a tsakanin yara masu galahanga.